Tarihin Manyan Mutane: Sir Lawrence Bragg, Yaron Da Ya Leƙa Cikin Ƙwayar Gishiri

A wannan mako filin tarihin manyan mutane ya faɗo kan wani Bature masanin kimiyya, Sir Lawrence Bragg, wanda ya rasu a Ingila cikin 1971. Mai yiwuwa ne da yawa daga cikin masu karatu ba su taɓa jin sunansa ba, amma da wuya a sami wanda amfanin aikinsa bai iso gare shi ba. Likitan da ke yi wa iyaye bayanin ciwon sikila, da masu haɗa magunguna, da injiniyan da ke auna lafiyar gada da wani zare siriri kamar gashi, dukansu suna tsaye ne a kan wata ƙa'ida da wannan mutum ya fitar tun yana ɗan shekara 22. Yana da shekara 25 aka ba shi lambar girma ta Nobel tare da mahaifinsa, har yau kuwa ba a sami wanda ya karɓi Nobel ta fannin kimiyya da ƙuruciya irin tasa ba.

To, amma wannan ɗaukaka ba ta zo masa salin-alin ba. Shekaru da yawa mutane suna ɗauka uban ne ya yi aikin, ɗan kuwa albarkacin kaza ne ƙadangare ya sha ruwan kasko. Abin ya daɗe yana ci masa rai. Yadda ya zauna da wannan ƙulli, da irin riƙon da ya yi wa 'ya'yan wasu sa'ad da girma ya zo hannunsa, shi ne abin dubawa a tarihinsa, musamman ga duk wanda ke da 'ya'ya ko yara a ƙarƙashinsa a wurin neman abinci.

Asalinsa

Mahaifinsa, William Henry Bragg, ɗan manomi ne daga Cumberland, can arewacin Ingila, an haife shi a 1862. Uwarsa ta rasu yana da shekara 7, sai wani baffansa ya ɗauke shi ya riƙe. Ya yi fice a lissafi a Jami'ar Kambirij, har yana ɗan shekara 23 aka ba shi kujerar shehun malami a Jami'ar Adelaide, a kudancin ƙasar Ostareliya. Tafiya ce ta makonni a jirgin ruwa. Aikin ya haɗa da koyar da ilmin fiziks, shi kuwa bai yi zurfi a cikinsa ba, saboda haka a cikin jirgin ya yi ta karatunsa. Da ya isa a 1886 ya tarar ba kayan aiki, sai ya ajiye girman kai ya tafi wurin masu ƙera na'urori ya koyi fiƙe ƙarfe, domin ya riƙa ƙera wa ɗalibansa kayan gwaji da hannunsa. A 1889 ya auri Gwendoline, 'yar Charles Todd, mutumin da ya shugabanci jan wayar tangarahu ta ratsa hamadar Ostareliya daga kudu zuwa arewa a 1872.

A nan Adelaide aka haifi William Lawrence Bragg ranar 31 ga Maris, 1890. Shi ne ɗan fari, sa'an nan ƙanensa Robert, sa'an nan ƙanwarsu. Cikin 1896 yana wasa da ɗan kekensa mai ƙafa uku ya faɗi ya karya gwiwar hannu. Ga shi kuwa a ƙarshen 1895 wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano hasken eksire, watau hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Uban ya riga ya harhaɗa irin na'urar a jami'a, sai ya haska hannun yaron da ita aka ga karayar. Wannan yana cikin lokutan farko da aka yi amfani da eksire don duba majiyyaci a Ostareliya.

Lawrence ya tashi yaro mai kunya, wanda ya fi son kaɗaici. Yakan tafi bakin teku shi kaɗai yana tsintar ƙwanson dabbobin ruwa, har ya tsinci wani iri da masana ba su sani ba, aka sa wa dabbar sunan gidansu. Karatu kuwa ba ya ba shi wuya, don haka kullum yana aji ɗaya da waɗanda suka girme shi. Yana shekara 18, a 1908, ya gama Jami'ar Adelaide. A 1909 uban ya kama aiki a Jami'ar Leeds, gidan duka suka koma Ingila. Ga uban, komawa gida ce. Ga ɗan kuwa, baƙunci ne a ƙasa mai sanyi da hayaƙi. Ya shiga Kwalejin Trinity a Kambirij, jarrabawar neman tallafin karatu ma a kwance ya rubuta ta, yana fama da ciwon haƙarƙari, ya kuma ci.

Yadda Ya Gano Ƙa'idar

A lokacin masana suna gardama a kan mene ne ainihin hasken eksire. Waɗansu na ganin igiyar haske ce, waɗansu na ganin ƙwayoyi ne ke fita kamar harsashi. Uban Lawrence yana cikin na biyun. A 1912 sai labari ya zo daga birnin Munich na Jamus cewa Max von Laue da mataimakansa biyu, Friedrich da Knipping, sun haska eksire ta cikin kiristal, suka sami ɗigo-ɗigo a jere a kan farantin hoto. Kiristal shi ne duk abin da ke daskarewa da fuskoki da kusurwoyi masu tsari, kamar ƙwayar gishiri, da sukari, da alif, da daimon. Laue ya nuna cewa eksire igiya ce, amma lissafinsa bai bayyana ɗigogin duka ba. Uba da ɗa suka shafe hutun bazara na wannan shekara a bakin teku a Yorkshire suna juya maganar. Da Lawrence ya koma Kambirij, wata rana yana tafe a bakin kogi bayan kwalejoji, sai amsar ta faɗo masa.

Ga yadda abin yake. Haske yana tafiya ne igiya-igiya, da tudu da kwari, kamar ruwan tafki da aka jefa wa tsakuwa. Kowane irin haske da tsawon igiyarsa, kamar dai yadda mai rediyo ya san tasha kaza a mita 25 take, tasha kaza a mita 49. Igiyar eksire gajeriya ce ƙwarai, tsawonta kusan daidai yake da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra, watau ƙananan ƙwayoyin da aka gina kome da su. Lawrence ya yi tunanin cewa ƙwayoyin da ke cikin kiristal a jere suke sahu-sahu, kamar kunyoyin gonar citta a ƙasar Zonkwa, inda in mutum ya tsaya ta nan ya ga layuka, in ya koma wata kusurwa ya ga waɗansu layuka dabam. Kowane sahu yana mai da ɗan haske kaɗan kamar madubi. Hasken da ya dawo daga sahu na biyu ya fi na farko yin nisan tafiya, na uku ya fi na biyu, haka har ciki. In wannan ƙarin tafiya ya zo daidai da tsawon igiya ɗaya cif, ko biyu, ko uku, sai tudu ya hau kan tudu, igiyoyin su ƙarfafa juna, a ga ɗigo a kan faranti. In bai zo daidai ba, tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, su kashe juna, ba a ganin kome.

Abubuwa uku ke nan suka ɗaure da juna: tsawon igiyar haske, da kusurwar da ya faɗo, da tazarar sahu. Wanda ya san biyu zai fitar da na ukun. Wannan ita ce ƙa'idar Bragg, layi ɗaya ce tak a rubuce. Ranar 11 ga Nuwamba, 1912, malaminsa J. J. Thomson ya gabatar da takardar a gaban ƙungiyar masana ta Kambirij.

Uban ya karɓi gaskiyar da ta rushe ra'ayinsa, ya kuma ƙera wata na'ura a Leeds wadda ke auna kusurwar hasken daidai wa daida. Ɗa ya kawo ƙa'ida, uba ya kawo ma'auni. A 1913 Lawrence ya fitar da tsarin gishirin miya, ya nuna cewa ƙwayoyi iri biyu ne a jere bi da bi kamar gidajen dara, kowace ɗaya tana kewaye da shida na ɗaya irin. A cikin milimita ɗaya na gishiri akwai sahu fiye da miliyan 3 da rabi. Waɗansu manyan masana ilmin kemistiri suka ƙi yarda, domin abin ya saɓa wa abin da suka saba koyarwa, har bayan shekara goma ana samun mai yin ƙorafi. A wannan shekarar kuma uba da ɗa suka fitar da tsarin daimon, aka gane dalilin taurinsa, watau kowace ƙwaya tana riƙe da huɗu gam.

Tsakanin Uba Da Ɗa

Daga nan ne ƙullin ya fara. Uban shehun malami ne sananne, ɗan kuwa ɗalibi. In za a yi taro, uban ake gayyata. Tun da fari, da uban ya rubuta wa mujallar masana labarin, ya ambaci cewa tunanin na ɗansa ne, amma bai faɗi sunan ɗan ba. A 1913 aka yi babban taron masana a birnin Burasal na Beljiyam, uban ya je ya yi bayani, Lawrence kuwa abin da ya samu shi ne katin gaisuwa da manyan da suka halarta suka sa wa hannu, har da Einstein da Madam Curie.

Ba wai uban mugu ba ne. Mutum ne mai tawali'u, daga baya ma ya yi ta maimaitawa a wuraren taro da cikin littafin da suka wallafa tare a 1915 cewa ƙa'idar ta ɗansa ce. Sai dai zance in ya riga ya bazu, gyaransa da wuya. Abin da ya ƙara dagula lamarin kuwa, su biyun duka masu zurfin ciki ne. Uban bai iya zama ya buɗe zuciyarsa ga ɗansa ba, ɗan kuma kunya da ladabi sun hana shi faɗin abin da ke damunsa. Suna ƙaunar juna, amma maganar ta zauna a tsakaninsu shekara da shekaru ba wanda ya taɓo ta sosai.

Lokacin Yaƙi

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, Lawrence da ƙanensa Robert duka suka shiga soja a rundunar igwa. A 1915 aka ba Lawrence aikin gano inda igwar abokan gaba take ɓoye ta hanyar jin ƙararta. Dabarar ita ce a jera na'urorin ɗaukar sauti a wurare dabam-dabam a bayan fagen daga. Ƙarar takan riga isa ga na kusa kafin na nesa, da wannan 'yar ratar lokaci ake lissafa inda igwar take. Matsalar ita ce rugugin babbar igwa yana da kauri ƙwarai, na'urorin lokacin ba sa kama shi, sai su kama wasu ƙararraki na banza.

A wani gidan gona da suka sauka a Beljiyam, Lawrence ya lura cewa in yana ban-ɗaki aka harba babbar igwa, iskar da ke biyowa ta bututu takan ɗan ɗaga shi daga mazauni, ko da kunne bai ji wani abin kirki ba. Ya gane ashe ƙarfin yana cikin turin iska ne. Wani kofur a ƙarƙashinsa, William Tucker, shi ya ƙarasa dabarar a 1916, ya ɗaura siririyar waya mai zafi a bakin ramin akwati, in turin iskar ya zo sai ya sanyaya wayar, na'ura ta rubuta. Har yau da sunan Tucker ake kiran wannan na'ura. Daga 1917 rundunar Ingila ta riƙa gano igwogin Jamus cikin 'yan mintoci.

Cikin Satumba 1915 aka kawo labarin Robert ya rasu sakamakon raunin da ya samu a Gallipoli, a ƙasar Turkiyya. Bayan wata biyu, cikin Nuwamba, Lawrence yana bakin daga aka aiko masa cewa shi da mahaifinsa sun ci lambar Nobel. Gidan da ke cikin makoki ba su iya yin wani murna ba. Sai a 1922 Lawrence ya je birnin Stockholm ya yi jawabin karɓa, uban kuwa bai je ba.

Manchesta

A 1919, yana shekara 29, aka ba shi kujerar da babban masani Rutherford ya bari a Jami'ar Manchesta. Farkon zamansa bai ji daɗi ba. Bai saba koyarwa ba, ɗalibansa da yawa tsofaffin sojoji ne sa'o'insa, suka riƙa yi masa tsiwa a aji, ga kuma wasiƙu marasa suna da aka riƙa aiko masa ana cewa bai cancanta ba. Abin ya kusa karya shi. A 1921 al'amura suka fara daidaita, aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana ta Ingila, ya kuma auri Alice Hopkinson, wadda ta haifa masa 'ya'ya huɗu, daga baya ma ta zama magajiyar garin Kambirij.

Don kada su riƙa cin karo, shi da uban suka raba fage. Uban, wanda ya koma Landan, ya ɗauki abubuwan da suka danganci masu rai, ɗan ya ɗauki duwatsu da ƙarafa. A Manchesta ne Lawrence da ɗalibansa suka warware tsarin dangin duwatsun da suka fi yawa a ɓawon ƙasa. A 1926 shi da wani abokin aikinsa West suka fitar da tsarin dutsen beril, wanda zumurrudu wani launi ne nasa, irin wanda ake samu a yankin Gwantu a kudancin Jihar Kaduna. Suka nuna ƙwayoyinsa zobba ne masu kusurwa shida a ɗore kan juna, shi ya sa mai haƙa yakan same shi da fuska shida kamar an sassaƙa.

Da Girma Ya Zo Hannunsa

Rutherford ya rasu a 1937, a 1938 kuma aka sake kiran Lawrence ya gaje shi, wannan karon a shugabancin ɗakin bincike na Cavendish a Kambirij. A 1941 Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir. Tun da uban ana kiransa Sir William, sai shi ya zama Sir Lawrence, aka huta da rikita su. Uban ya rasu cikin Maris 1942.

A Cavendish ya tarar da wani saurayi ɗan gudun hijira daga Ostiriya, Max Perutz, yana ƙoƙarin gano tsarin sinadarin da ke sa jini ja, wanda ke ɗaukar iska zuwa sassan jiki. Gishiri ƙwaya iri biyu ne, wannan kuwa ƙwayoyi dubbai ne a dunƙule, mutane da yawa na ganin aikin ba zai yiwu ba. Sir Lawrence ya tsaya masa, ya nemo masa kuɗi, har a 1947 aka kafa masa sashe na musamman shi da John Kendrew. Aikin ya ci Perutz fiye da shekara ashirin. A wannan sashe ne a 1956 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin jinin mai sikila da na mai lafiya bulo ɗaya ne tak da ya sauya a cikin ginin wannan sinadari. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga Nijeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar yara masu sikila.

Shi ma ya yi tuntuɓe. A 1950 shi da Perutz da Kendrew suka wallafa wani hasashe da bai yi daidai ba, a 1951 Ba'amurke Linus Pauling ya kawo amsar gaskiya, abin ya yi masa zafi. A wannan shekarar ya hana wasu matasa biyu na ɗakinsa, Francis Crick da James Watson, ci gaba da binciken sinadarin gado, wanda ake kira DNA, domin yana ganin fagen na mutanen Kwalejin King's ta Landan ne, bai kamata a shiga gonar wani ba. Sai da ya ga Pauling na shirin riga su, sa'an nan ya sake musu mara a farkon 1953. Cikin Afrilu suka wallafa tsarin.

A nan ne aka ga darasin da ya koya. Shi ne shugaban ɗakin, da ƙa'idarsa aka yi aikin, amma sunansa bai hau takardar ba. Da ya zo gabatar da sunaye ga masu ba da Nobel, ya tsaya a kan a haɗa da Maurice Wilkins na Landan. A 1962 Perutz da Kendrew da Crick da Watson da Wilkins duka suka karɓi lambar. Duk da haka akwai wadda haƙƙinta bai fito sosai a lokacin ba, watau Rosalind Franklin, wadda hotunan eksire da ma'aunanta suka taimaka ƙwarai. Ta rasu a 1958, ba a kuwa ba mamaci Nobel. Sai daga baya duniya ta san girman aikinta.

A 1954 ya koma Landan ya karɓi Royal Institution, gidan kimiyyar da mahaifinsa ya taɓa shugabanta. Ya tarar da shi cikin rikici da rashin kuɗi, ya farfaɗo da shi. Ya buɗe laccoci don 'yan makaranta, yara wajen 20,000 ke zuwa kowace shekara suna kallon gwaje-gwaje da idonsu. Mutum ne mai son lambu da zane da kallon tsuntsaye. Crick ya ba da labarin cewa da kewar lambu ta dame shi a Landan, sai ya nemi aikin lambu a gidan wata mata da ba ta san ko shi wane ne ba, har ran da wani baƙo ya gane shi. Ya yi ritaya a 1966, ya rasu ranar 1 ga Yuli, 1971, yana da shekara 81.

Sunansa A Cikin Zare

Shekara bakwai bayan rasuwarsa ƙa'idar ta ɓullo a wani wuri da bai taɓa aiki ba. An riga an ƙirƙiro hasken leza a 1960, an kuma sami zaren gilashi mai tsabta a 1970, irin wanda yau ake binnewa a gefen hanya don ɗaukar maganar tarho da intanet. Kaurinsa kamar gashin kai, haske na bi ta tsakiyarsa ba ya fita. A 1978 a birnin Ottawa na Kanada, Kenneth Hill da abokan aikinsa suka haska leza mai ƙarfi cikin irin wannan zare, bayan ɗan lokaci suka ga hasken ya fara dawowa baya. Ashe hasken da ke tafiya da wanda ya dawo daga ƙarshen zaren sun haɗu sun zana sahu-sahu na dindindin a cikin gilashin. A 1989 Gerald Meltz da abokansa a Amurka suka nuna yadda za a rubuta sahun daga gefen zaren, a 1993 kuma aka samo hanyar ɗora wani ɗan faifai mai tsage-tsage a kan zaren a haska ta cikinsa, aikin ya zama mai sauƙi.

Sahun da leza ta rubuta yakan kai wajen 2,000 a milimita ɗaya. In aka tura haske mai gauraye da tsawon igiya iri-iri, sahun yakan zaɓi guda ɗaya da ta dace da tazararsa ya mai da ita baya, sauran su wuce, daidai da yadda sahun gishiri ke yi wa eksire. Shi ya sa ake kiransa da sunan Bragg. To, in zaren ya miƙe ko ya ɗumama, tazarar ta buɗe, igiyar da ke dawowa ma sai ta sauya, na'ura ta karanta. Da haka ake gane miƙewar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin miliyan ba. Ana iya rubuta sahu da yawa a zare ɗaya, kowanne da tasa mitar kamar tashoshin rediyo.

Waɗanda suka gangaro kudu a jirgin ƙasa a da, ta Zonkwa da Kafanchan, suka haye gadar Binuwai a Makurɗi wadda aka buɗe a 1932, sun san yadda ma'aikatan reluwe ke bin layi a ƙafa suna duba dogo da ido. A ƙasashe da dama yanzu akan liƙa irin wannan zare a jikin dogo da gada, kamar yadda aka gwada a gadar Tsing Ma ta Hong Kong, ya riƙa ba da labarin nauyi da lanƙwasa dare da rana. Tun da ba wutar lantarki a jikinsa, ba ya tartsatsi, don haka ya dace da rijiyoyin mai da bututu.

Sai dai gilashi ba ya jure ja, da an miƙa shi kaɗan ya tsinke. A 1999 masana a Jami'ar New South Wales da ke birnin Sidni, cikinsu har da Gang-Ding Peng da Pak Chu, suka rubuta sahun Bragg na farko a cikin zaren roba, irin robar nan mai haske da ake yin murfin fitilun bayan mota da ita. Abin ya faru ne a Ostareliya, ƙasar da aka haifi mai ƙa'idar. Zaren roba ya fi na gilashi taushi fiye da sau ashirin, yana miƙewa sosai bai tsinke ba, in ya karye kuma ba ya barin tsini mai yanka, saboda haka ana gwada shi wajen auna numfashi da bugun zuciya. Yana kuma shan ruwa ya ɗan kumbura, shi ya sa yake iya nuna laimar iska, ko ruwan da ya gauraya da man jirgin sama. Yana da nasa rauni, domin yana shanye haske, ba ya kai shi nesa, kuma zafin da ya kusa na tafasasshen ruwa yana lalata shi. Da farko rubuta sahu ɗaya kan ci mintoci masu yawa, daga baya aka rage shi zuwa daƙiƙu. Yawancin wannan aiki na zaren roba yana ɗakunan bincike ne tukuna, na gilashi shi ne ya riga ya shiga kasuwa.

Abin Lura

Uban Lawrence bai ci haƙƙin ɗansa da gangan ba, jinkirin ambaton suna ne kawai a ranar da ya kamata, amma gyaransa ya ɗauki shekaru. Wannan abu ne da ke faruwa kullum a shago da gareji da mahauta da wurin ɗinki, daga Sabo ta Ibadan har Agege da Fatakwal. Yaro ya kawo dabara, ciniki ya buɗe, sai a yaba wa maigida, shi kuwa maigida ya yi shiru don yana ganin ai duk abu ɗaya ne. Yaron ba zai yi magana ba saboda kunya, amma ba zai manta ba. Mai yaro a hannu, ko ɗan cikinsa ne ko ɗan amana da aka turo masa daga gida, in yaron ya yi abin kirki, ya faɗi sunansa a gaban mutane tun a ranar. Allah ya ba iyaye da iyayen gida ikon sauke wannan nauyi, amin.